Ƙarfin Gonakinmu Yana Ruɓewa A Bolar Ikko

Duk wanda ya taɓa yin sammako ya je kasuwar Mil 12 a Ikko, ko Bodija a Badun, ya ga abin da zan yi magana a kansa yau. Kullum garin Allah ya waye manyan motoci ne ke sauke tumatir da albasa da tattasai da wake, ga shanu ana saukewa a kara. Da yamma kuwa sai ka ga tsibin ruɓaɓɓen kayan gwari da ɓawo da ganye, ga kashin shanu a mahauta, kowa yana toshe hanci yana jiran motar shara ta kwashe. To, ni a ganina, wannan tsibi da muke ƙyama ba kome ba ne illa ƙarfin gonakin iyayenmu, wanda muka yi wa lodi muka kawo Kurmi, ba mu mayar da kome a madadinsa ba.

Duk buhun da ya fita daga gona ya ɗebi wani abu daga jikin ƙasa. Kakanninmu sun san haka ba tare da sun shiga aji ba. A ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano, da rani, jakuna kan shigo gari da itace, su koma da mangala cike da toka da kashin tumaki da sharar gida, a jibge a gona kafin ruwa ya sauka. Wani masani mai suna Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya bincika wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya tarar ana noma gonakin kowace shekara ba hutu, amma ba su mutu ba, domin kuwa abin da birni ya ci yana komawa gona. Watau bashi ne ake biya. Yau birnin da ke cin amfanin gonar ya yi nisa da ita da wajen kilomita 1,000, jaki ba zai kai ba, bashin kuwa sai taruwa yake yi.

Wani zai ce ai ga takin zamani. Gaskiya ne, yana da amfani, ba kuwa mai cewa a bar shi. A shekarar 2006 shugabannin Afirka sun taru a Abuja suka yi alkawarin ɗaga yawan takin da ake zubawa daga wajen kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta, a 2022 kuma aka buɗe babban kamfanin takin Ɗangote a Lekki, nan kusa da mu. Amma manomi ya sani, takin zamani shuka yake ciyarwa, ba ya gyara ƙasa. Jigawar da ba ta da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba a cikinta tamkar kwando take: ka zuba ruwa ya zurare, ka zuba yuriya mai tsada ruwan sama ya tafi da ita ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. Sa'an nan ƙuduji ya mamaye, gero ya tsaya iya gwiwa. Da yawa daga cikinmu abin da ya kore mu daga gida ke nan, ba son yawo ba.

Abin mamaki shi ne, mu ɗin nan ne a bakin igiyar duka biyu. Mu ke sayar da gwari, mu ke riƙe da kara, kuma 'ya'yanmu ne da dama a cikin masu tura kura da masu tsince-tsince a babbar bolar Olusosun ta Ojota. Yaron nan da ake kira baban bola, shi ke fid da ƙarfe da goran ruwa da kwali da alminiyam daga cikin shara, ya kai wa dila, dila ya kai kamfani a narke. Ba gwamnati ce ta ɗauke shi aiki ba, ba ya da safar hannu, ba ya da takalmin kirki, amma yana rage wa gari kaya. Abin da yake bari a baya shi ne mai ruɓewa, don ba mai saye. Alhali kuwa shi ne abincin gona.

Na san za a ce kuɗin mota ya fi kuɗin takin. In ɗanyar shara ce mai ruwa, haka ne, babu direban da zai ɗauka. Amma in an tara ta wuri guda, ana juyawa, cikin wata biyu zuwa uku sai ta ruɓe ta bushe, ta ragu ƙwarai, wari ya tafi, ta shiga buhu. Ba sabon abu ba ne a Kurmi: a ƙarshen shekarun 1990 an taɓa kafa wurin yin taki da sharar kasuwa da ta mahauta a Bodija. Masu lambu da ke noman alayyafo da latas a gefen garuruwan nan su ne masu saye na farko, ba sai an je da nisa ba. Abin da ya saura, motar da za ta koma Arewa da sauran wuri ta ɗauka. Wanda ya ga yadda manoma ke rububin buhun kashin kaji ya san kasuwa tana nan.

Sai dai akwai sharaɗi, kuma a nan ne nake jan kunne. Sharar yau ba irin ta zamanin jakuna ba ce. Akwai leda, da fasasshiyar kwalba, da allurar asibiti, da mataccen batir mai dalma. Leda tana hana ruwa shiga ƙasa, akuya ta ci ta mutu, dalma kuwa guba ce da ke iya bin ganye ta shiga cikin yaro. Saboda haka tilas a raba shara tun a bakin rumfa: kwando ɗaya na mai ruɓewa, ɗaya na leda da roba. Wa ya fi baban bola sanin wannan aiki?

Ba na ɓoye cewa akwai ɓata-gari a cikinsu, masu cire murfin kwalbati da wayar lantarki, suna jawo wa na kirki zagi. Amma kora ba ta magance wannan ba. A 2018 gwamnatin Jihar Legas ta hana masu tura kurar shara, shara kuwa ba ta daina fita daga gidaje ba. A ƙasar Birazil, tun 2002 aka sa tsintar shara cikin jerin sana'o'in da hukuma ta sani. A birnin Pune na Indiya, masu tsinta suka kafa ƙungiya, a 2008 hukumar gari ta ba su aikin bi gida-gida. Mai katin shaida da shugaba da wurin aiki, in ya yi sata an san inda za a same shi.

Don haka ina kira ga Sarakunan Hausawa na Agege da Sabon Badun da Shagamu da sauran zango-zango, da shugabannin 'yan gwari da na kara da na direbobi, su zauna da 'yan bola, a yi musu rajista, a nemi hukuma ta ba da fili a bayan kasuwa ɗaya a gwada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kai kuma mai aika kuɗi gida, in ka sayi buhun takin zamani, ka ware na amalanken takin gargajiya, ka kuma ce kada a ƙone kara, kada a sare gawo, domin taki ba ya zama a gonar da iska ke sharewa. Komai daɗewarmu a Kurmi, ranar da ƙarfi ya ƙare wannan gonar ce za mu koma mu tarar.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu koma gida lafiya, amin.