Kafin mu kai ƙarar lasifikar coci, mu fara duba tamu

Kowace Juma'a da safe ina da yara uku ko huɗu a aji da ke kifa kai a tebur tun kafin ƙarfe tara. Da farko na ɗauka wayar salula ce ke hana su barci. Sai da na tambaya suka ce a'a mushe, kwanan addu'a ake yi a bayan gidansu duk daren Alhamis, da ganga da lasifika, wani lokaci har ƙarfe biyu. Ni ma a Awendjé nake zaune, na san abin da suke faɗa.

Don haka da samarin masallacinmu suka zo bayan Isha'i da takardar koke, suna neman sa hannu a kai meri don a rufe wurin, ban ce ba su da gaskiya ba. Amma ban sa hannu ba, kuma ina roƙon 'yan'uwa kada su sa.

Na farko dai, ba mu ma san waɗanda muke ƙara ba. Takardar ta ce "cocin réveil", alhali masu wannan addu'a 'yan Katolika ne. Da yawanmu Katolikan da muka sani shi ne na Sainte-Marie ko Saint-Michel ta Nkembo: fada na karantawa, jama'a na amsawa a natse, awa ɗaya da rabi an watse. Wannan coci tana ƙasar nan tun zuwan Fada Bessieux a 1844. Amma a cikinta akwai wani reshe da suke kira Renouveau charismatique, wanda ya faro a 1967 tsakanin ɗaliban jami'ar Duquesne a Amurka, ya bazu har Afirka da tsibiran tekun Pasifik. Su tafi suke yi, da waƙa, da ɗora hannu a kan marar lafiya, da addu'a da ƙarfi kowa da tasa. Bayan taron ƙasa na 1990, da aka saki mara ga ƙungiyoyi, ƙananan coci-coci suka cika unguwannin Libreville suna janye mabiya da alkawarin waraka da aikin yi. Katolika ta ga garkenta na raguwa, ta ƙara ba wannan reshe fili. Matar da ke kuka a lasifika da tsakar dare ba da mu take yi ba, ɗanta ne ba lafiya ko mijinta ya shekara biyu ba aiki. Aƙidarmu daban, wannan ba a ja. Amma wa a cikinmu bai san irin wannan dare ba?

Na biyu, kuma shi ne babba: hukuma ba ta da wuƙa mai baki ɗaya. A 2016 gwamnatin jihar Legas ta rufe coci 70 saboda ƙara, ta haɗa da masallatai 20. A Ruwanda, 2018, an rufe coci kusan 700 a Kigali, ba a jima ba aka hana masallatan wani yankin birnin kiran salla da lasifika. Mu a nan 'yan tsiraru ne. In muka koya wa meri cewa sa hannun mutum hamsin ya isa a kashe lasifikar ibada, gobe wasu za su tara ɗari biyar a kan kiran assalatu, kuma ba za su sha wahalar tarawa ba. Wanda ya tuna 25 ga Oktoba 2020, ranar da 'yan sanda suka tare ƙofofin coci saboda dokar korona, ya ga cewa ko Akbishop Jean-Patrick Iba-Ba da duk jama'arsa ba su tsira ba. To ina ga ɗan masallacin kwano a lungu?

Wasu za su ce ai wannan tsoro ne. Suna cewa ƙasar nan tana cikin ƙungiyar ƙasashen Musulmi tun 1974, ga masallacin Hassan II a tsakiyar gari, me za mu ji? Wannan duk a zamanin da shugaban ƙasa Musulmi ne aka same su, tun musuluntar Omar Bongo a 1973. Wancan zamani ya ƙare a Agustan 2023. Abin da ya rage mana shi ne mutuncin da iyayenmu suka gina a Oyem da Bitam da kasuwannin Libreville, na mutanen da ba a jin su a rigima.

Sannan, tsakani da Allah, mu ma muna yi. Goman ƙarshe na azumi, lasifikarmu a waje take tun ƙarfe ɗaya har sahur, kuma 'ya'yan maƙwabta su ma suna da lakwal da safe. Ba wanda ya taɓa kawo mana takarda. Ya zo a hadisi cewa Annabi (SAW) ya hana sahabbai ɗaga murya a kan juna da karatu a cikin masallaci, balle a kan mai barci a gidansa. Saudiyya ma a 2021 ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarar ta wuce kashi ɗaya cikin uku.

Abin da na ba da shawara, kuma muka yi, shi ne mu je da ƙafarmu. Ni da wani dattijo da mahaifin ɗaya daga cikin yaran muka sami shugaban ƙungiyar, wani tsohon ma'aikaci mai furfura. Ban kai masa maganar addini ba, makin yaran na nuna masa. Ya yi shiru, ya ce daga ƙarfe goma za su kashe ta waje su bar ta ciki. Makonni uku ke nan, sau ɗaya suka saɓa.

Da za mu tashi ya riƙe hannuna, ya ce da murmushi: malam, in azumi ya zo fa? Na ce zan kai maganar gaban kwamitin masallaci. Na kai, sun ce za su zauna a kai, har yau ina jira.