Lorin da ba ta da takarda ba jari ba ce

Tun da sojoji suka karɓe Hartum a watan Maris na 2025, manyan motoci suka dawo kan hanya. Masu komowa daga Masar da Bur Sudan da Gadarif suna son a kwaso musu kaya, masu gyaran gida na neman siminti da kwano, 'yan kasuwar Suk Libiya a Umdurman kuma na jiran gari da sukari. Kusan duk wannan a bayan lori yake tafiya, don jirgin ƙasa ya daɗe da bar wa kwalta aikinsa. Shi ya sa hirar samarin Mayo a wajen masu shayi ta koma ɗaya: wanda ya shekara goma yana tuƙa motar wani, yau so yake ya tuƙa tasa.

Ni ina goyon bayan wannan buri. Cikinsu akwai waɗanda na koyar a aji, suka bar makaranta suka zama yaran mota, suka iya tuƙi a hanyar Madani. Mutumin da ya san kukan inji tun yana yaro ya cancanci ya ci gumin kansa. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne irin motar da ake tallata musu.

Kowa ya san abin da ya faru da motocin Hartum bayan 15 ga Afrilu 2023. An kwashe su daga gidaje da garejin kamfanoni da ma'aikatu, ƙanana da manya, aka buɗe kasuwannin kayan ganima da jama'a suka laƙaba wa suna kasuwannin Dagalo. Wasu motocin sun tsallaka iyaka, wasu an farfasa su an sayar da kayan ciki, wasu kuma suna nan an sake musu fenti da lamba. Dama tun kafin yaƙin muna da motocin fasa-ƙwauri marasa rajista da ake kira “Boko”, har ido ya saba da ganin mota ba takarda. To yanzu dillali zai zo wa yaro da lori a rabin kuɗinta, ya ce mai ita ya yi hijira, takardu sun ƙone a gida, amma ga wasiƙar wakilci daga lauya, in ƙura ta lafa sai a juya suna. Yaro ya sayar da zinaren uwarsa, ya haɗa da abin da yayansa ya turo daga Saudiyya ta Bankak, ya biya.

Masu motocin da aka sace ba su mutu duka ba. Sun kai rahoto, kuma lambar shasi da lambar inji suna rubuce a wajen 'yan sandan hanya. Ranar da aka ɗaga murfin inji a shingen Atbara ko na Haya aka ga lamba ta yi daidai da ta rahoto, mota ta tafi, kayan mutane da ke bayanta sun maƙale, direba kuma zai amsa tambaya a ƙarƙashin sashe na 181 na dokar laifuka ta 1991, wato karɓar kayan sata. Dillali fa? Wayarsa a kashe. A addinance ma ba sai an kira malami ba: cinikin abin da mai sayarwa bai mallaka ba ɓatacce ne, kuma mai kaya yana da haƙƙin karɓar abinsa a hannun duk wanda ya same shi.

Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman, kuma gara a faɗe shi a fili. Mayo ta yi kusan shekara biyu a hannun dakarun RSF. Mun binne mutanenmu, kamar waɗanda harin sama ya kashe a kasuwar Goro a watan Satumba na 2023, amma duk da haka wasu kallon masu laifi suke yi wa duk wanda ya ce daga kudancin Hartum yake. Ƙara da cewa Bahaushe ne, wanda har yau akwai mai tambayarsa ko shi ɗan ƙasa ne, alhali kakanninsa sun fi shekara ɗari a bakin Shuɗin Nilu, tun kafuwar Mai Wurno. Wannan zalunci ne, kuma ba za mu daina faɗa ba. Sai dai direban da ya fito daga Mayo ya san za a juya takardunsa sau biyu inda aka juya na wani sau ɗaya. In aka kama ɗaya da motar ganima, duk direbobin unguwa ne za su biya a kowane shinge.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka ba da ko fam ɗaya, ka nemi takardar shaidar mallaka da ake kira shahadat bahas, sabuwa, daga ofishin 'yan sandan hanya. Ka sunkuya da kanka ka karanta lambar shasi, ka duba ko an goge an sake bugawa. A juya suna a gabanka, mai motar na tsaye da lambarsa ta ɗan ƙasa. In aka ce ba zai iya zuwa ba, kai ma kuɗinka ba za su iya fitowa ba.

Na san amsar da za a ba ni: mota mai takarda ta fi ƙarfinmu. Gaskiya ne, ta fi ƙarfin mutum ɗaya. A watan Fabrairu na 2021 gwamnati ta karya darajar fam daga 55 zuwa 375 a kan dala, a watan Yuni na shekarar ta cire tallafin mai, yau kuwa da dubbai ake lissafin dala. Matatar Jaili ta ƙone, gas ta teku yake shigowa. Taya da batir da kayan gyara duk da farashin dala suke tafiya, kuɗin dako kuma da fam ake biya. Wannan lissafin ma ya isa ya nuna cewa wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a sayen mota, ko mai takarda ce, taya biyu ne tsakaninsa da zaman gida. Daga Bur Sudan zuwa Hartum ta Atbara wajen kilomita 800 ne, ta Kasala da Gadarif kuma ya kai 1,200. In ka sauke kaya ka koma fanko, ribar zuwa ta ƙone a tankin dawowa. Ga haraji iri-iri a kan hanya, kowace jiha da rasiɗinta. Damina ta zo, baƙar ƙasar Gadarif ta riƙe mota, sai an jira kakar riɗi da dawa. Lokacin da kake yaron wani, mai mota ne ke rasa barci a kan waɗannan. Yanzu kai ne.

Abin da nake ganin ya fi shi ne haɗin gwiwa, kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu mata sun shekara suna adashi, wanda a nan ake kira sanduk, kuma fiƙihu ya tanadi musharaka da mudaraba tun kafin a ƙera Bedford. Mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi mota ɗaya tsabtatacciya. Direba ya ɗauki albashinsa na tuƙi daban, rabonsa na mai jari daban. A ware kuɗin gyara daga kowace tafiya kafin a raba komai. A yi inshorar takaful, wadda a ƙasar nan aka fara ta a 1979, tare da sanin cewa ba ta biyan asarar yaƙi. Kuma a rubuta yarjejeniya da shaidu, ko da tsakanin wa da ƙani ne, don yawancin rigimar mota da ke zuwa gaban dattawa a kan “ai cewa muka yi” take farawa.

Ga limamai da kwamitocin unguwa kuma, aikin da ke gabanku ƙarami ne. A Mayo akwai tsofaffin direbobi da kanikawa da suka ƙare ƙuruciyarsu a hanyar Kosti da Bur Sudan, yanzu suna zaune. A zaɓi uku daga cikinsu, a sanar bayan sallar Juma'a cewa duk yaron da zai sayi lori ya je da ɗayansu wajen dubawa, kuma shi ne zai raka shi ofishin 'yan sandan hanya ranar juya suna.