Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Tsaron Najeriya Kan Jirage Marasa Matuƙa

Ranka ya daɗe,

Batun Tudun Biri ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A daren Lahadi 3 ga Disamba 2023, mutanen wannan ƙauye na ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna suna tsakiyar Maulidi, jirgi marar matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya sako musu bam. Waɗanda suka tsira sun ce ana cikin kwasar masu rauni na biyu ya faɗo. Hukumar NEMA ta ƙirga gawa 85, ƙungiyar Amnesty ta ce sun kai 120. Babban Hafsan Sojan Ƙasa na lokacin, marigayi Janar Taoreed Lagbaja, ya taka har garin ya ba da haƙuri, kuma wannan abin a yaba ne. A watan Mayun 2024 Hedikwatar Tsaro ta ce sojoji biyu za su gurfana gaban kotun soja. To, ina shari'ar ta kwana?

Ba na cikin masu cewa a jingine jiragen nan. Ƙasar da ke fama da dajin Sambisa da dazukan Zamfara da Birnin Gwari tana buƙatar ido a sama, shi ya sa aka sayo Wing Loong daga Sin da Bayraktar daga Turkiyya. Su kansu mayaƙan ISWAP sun fara ɗaura wa ƙananan jiragen kasuwa abubuwan fashewa suna kai wa sansanonin sojinmu hari. Ga Nijar ta sallami Amurkawa daga sansanin Agadas a 2024, ta fice daga ECOWAS, ta kuma janye daga rundunar haɗin gwiwa ta Tafkin Chadi a 2025. Iyakarmu da Nijar da ta haura kilomita 1,400 ta zama kowa tasa ta fisshe shi.

Sai dai jirgi gani kawai yake yi, bai san kowa ba. A allon kwamfuta, cikin dare, taron Maulidi da ayarin 'yan bindiga duk cincirindon mutane ne. Mai unguwa ya san bambancinsu, limami ya sani, ɗan sandan da ke Rigasa ma da an tambaye shi zai bincika. Wa aka tuntuɓa kafin a danna? Hafsa mai wane muƙami ne ke da ikon cewa a saki bam a kan gari? Tun daga Rann a 2017, inda jirgin yaƙi ya afka wa sansanin 'yan gudun hijira, zuwa Doma a 2023 da Silame a 2024, amsar kusan ɗaya ce: kuskure ne, za a yi bincike. Kuskuren da ke dawowa kamar damina kuwa ya tashi daga kuskure, ya zama sakaci.

Kuma wannan sakaci sojan da ke bakin daga yake fara cuta. Ƙauyen da aka binne masa yara ba zai sake kawo rahoton maɓoyar ɓarayi ba.

Ranka ya daɗe, a fito da cikakken rahoton Tudun Biri kowa ya karanta, da Hausa ma, a rediyo. A bayyana hukuncin kotun soja. A kai wa Majalisar Tarayya rubutacciyar ƙa'idar kai hari, wadda za ta hana harbi a inda ake da mata da yara sai an tabbatar daga ƙasa, ta kuma ɗora biyan diyya a wuyan gwamnati bisa doka. A yi wannan kafin a sa hannu kan kwangilar sayen wani sabon jirgi.

Wassalam.

Naka,
Wani ɗan jihar Kaduna