Ƙwayar Riɗi Da Zancen Narkar Da Teɓa

Riɗi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Manoman Jigawa da Nasarawa da Binuwai na nomansa, 'yan kasuwa na lodinsa buhu-buhu zuwa Japan da Turkiyya da Sin, abin da ya saura a gida kuwa a yi kantu, ko a kaɗa miya. To, ga shi yanzu ya sake riga: ƙwayoyi a cikin kwalba mai hoton siririyar mace, ana tallarsu a Facebook da WhatsApp, wai suna narkar da teɓa ba tare da mutum ya rage loma ba.

Abin da ake tinƙaho da shi a ƙwayoyin nan wani sinadari ne mai suna sesamin, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin riɗi ba. Kamfanin Suntory na Japan ya fara sayar da shi a 1993 a matsayin abin ƙarin lafiya. Zancen rage ƙiba kuwa daga ɗakin gwaji ya taso. A 1999 masu bincike a Japan suka bayyana cewa da suka cuɗa sesamin a abincin ɓeraye, hantarsu ta ƙara himma wajen ƙona kitse. Wannan gaskiya ne. Sai dai abin da mai talla ba ya faɗi shi ne yawan da aka ɗura wa ɓerayen, wanda ya kai rabin kashi 1 cikin 100 na abincinsu. In da za a auna wa babban mutum haka, sai ya sha giram 2 ko fiye kullum, alhali awon Suntory na yini guda miligiram 10 ne kacal. Watau tazarar ta kai ninki 200, ga shi kuma hantar ɓera daban, ta ɗan Adam daban.

Da aka juyo kan mutane, sai labari ya sha bamban. Wani gwaji da aka buga a 2009 a Ostareliya ya ba maza da mata masu ƙiba giram 25 na riɗi kullum har mako 5, ba a ga canji a kitsen jininsu ko awon jininsu ba. Waɗansu ƙananan gwaje-gwaje na 'yan makonni sun nuna ɗan sassaucin hawan jini da ɗan ragin nauyi, amma ragin bai taka kara ya karya ba. Wanda kuwa ya ji talla ya koma shan man riɗi cokali-cokali don ya rame, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago, domin rabin riɗi mai ne, giram 100 nasa na ɗauke da kalori wajen 570.

Batun illa fa? Riɗi na cikin abincin da jikin waɗansu ba ya karɓa: borin jini, kumburin leɓe da maƙogwaro, har numfashi ya sarƙe. Saboda haka ne tun 1 ga Janairu 2023 dokar Amurka ta wajabta a rubuta sunansa a jikin duk abincin kwali da ke ɗauke da shi. Har ila yau gwajin ɗakin bincike ya nuna sesamin na iya rage ƙarfin wani sinadarin hanta da ke sarrafa magunguna irin su warfarin mai tsinka jini. Mai shan irin wannan, da mai shan maganin hawan jini, da mai juna biyu, lalle su tuntuɓi likita kafin su kai hannu.

Amma babban abin tsoro shi ne abin da ake ɓoyewa a cikin kwalba. An janye maganin rage ƙiba mai suna sibutramine daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010, bayan an ga yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Duk da haka hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano shi a ɓoye cikin kayayyakin rage ƙiba da aka rubuta musu wai zallan ganye ne. Ƙwayar da ta kashe wa mutum yunwa tashi ɗaya, ta hana shi barci, ta sa zuciyarsa dakan uku-uku, ba aikin riɗi ke nan ba.

Mai talla kan nuna lambar NAFDAC domin ya kashe bakin mai saye. Lambar da ta ƙare da harafin L, wadda ake ba magungunan ganye, shaida ce ta cewa an duba ba su da guba. Ba ta tabbatar da cewa suna yin aikin da ake faɗi ba, kuma doka ta ce a rubuta hakan a jikin kwalbar. Galibi rubutun na can ƙasa da ƙananan baƙaƙe, nesa da hoton siririyar macen.