Godiyar Tsoho Ba Shaidar Ingancin Asibiti Ba Ce

Ku tsaya a ƙofar Babban Asibitin Dutse ko na Rasheed Shekoni, ku tambayi dattijon da ya fito yadda aka kula da shi. Da wuya amsarsa ta wuce: "Alhamdulillahi, sun yi ƙoƙari." Da wannan amsar mahukunta ke yabon kansu, da ita kuma mu 'ya'ya muke kwantar da hankalinmu. Alhali tarbiyyar mai maganar kawai take nunawa.

Wanda ya kai shekara 70 ya girmi jihar Jigawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, da fiye da shekara 30. Ya tashi a zamanin da ganin likita sai da doguwar tafiya, saboda haka abin da doka ta kira haƙƙinsa, alfarma yake ɗaukarsa. Ga kunya, ga kawaici, ga sanin cewa gobe hannun wannan ma'aikacin zai dawo. Ɗansa da ya biya kuɗin magani kuma yana tsaye a gefe. Ya buɗe baki ya ce bai gamsu ba? Ai ya zama butulu.

Akwai abin da tsoho ya fi kowa iya aunawa: ko an gaishe shi, ko an kira shi Baba, ko an rufe labule kafin a duba Iya. Wannan mutunci ne, kuma wanda aka daka wa tsawa ba ya son komawa asibiti. Sai dai cututtukan tsufa ba su cika yin sallama ba. Hawan jini kan yi shekaru ba a ji shi a jiki ba. Maganin ciwon gwiwa irin su diclofenac yana kawo sauƙi nan take, amma yawan shansa na lahanta ƙoda da ciki, musamman ga masu shekaru. Tsoho zai sa wa wanda ya ba shi albarka, ya raina likitan da ya hana shi.

Wani zai ce to a daina tambayarsu. A'a, tambayar ce za a gyara. Maimakon "Ka gamsu?", a ce: An gwada jininka yau? An gaya maka, da Hausa, amfanin kowace ƙwaya? An tambaye ka abin da kake saye a kemis da wanda kake jiƙawa a gida? Da asuba ka zo, yaushe ka ga likita? A yi tambayar a gida, ba ma'aikaci, ba mai biyan kuɗi a wurin.

Takardu dai ba mu rasa ba. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, a shekarar kuma aka ƙaddamar da kundin haƙƙin majinyata. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta tanadi asusun masu rauni. A jiha muna da hukumar JICHMA mai biyan asibitoci kuɗin kula da waɗanda ta yi wa rajista. Mai biya shi ke da ikon bin diddigi: ta riƙa jin waɗannan amsoshin daga bakin tsofaffi, ta bayyana sakamakon kowane asibiti da sunansa.

Mu kuma masu raka iyaye, mu shiga ɗakin likita da jakar magungunansu gaba ɗaya, mu yi tambayar da kunya ta hana su yi. Godiyarsu ga Allah suke yi wa, kada wani ofis ya karɓe ta a madadinsa.