Kafin damina ta dawo, a duba gindin katangar tsofaffin gidaje

Kusan kowace damina labarin ɗaya ne a tsofaffin unguwannin Birnin Kebbi da Argungu. Watan Agusta ya kama, ruwa ya kwana yana zuba, a wayi gari katanga ta rufta, wani lokaci a kan mutane suna barci. A yi jaje, a kawo tallafin shinkafa da kwanon rufi, kowa ya ce ai gidan ne ya tsufa. Wannan jarida ba ta gamsu da wannan bayani ba.

Da tsufa kaɗai ke ka da gini, da Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu bai kawo yau ba. An gina shi a 1831, ya zama fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958, kuma yana nan tsaye. A Surame, birnin da Kanta ya kafa a ƙarni na 16, har gobe ana ganin duwatsun ganuwa a jere. Maginan da suka yi waɗannan ayyuka sun san ruwa ne abokin gaba. Shi ya sa a gidajen da aka yi wa ginin ƙwarai ake jera dutse a harsashi, a ɗaure shi da laka, a ɗora tubali a kai, a sa indararo mai tsawo don ruwan soro ya zuba nesa da bango, sannan a riƙa sabunta yaɓe.

Abin da ya canja shi ne ƙasar da ke kewaye da gidan. An yi wa titi ciko an shimfiɗa kwalta, maƙwabci ya rushe nasa ya yi ginin bulo ya ɗaga daɓensa, tsohon gida ya koma cikin kwari. Kwata kuma ta toshe da leda. Ruwan da a da yake wucewa zuwa fadama yanzu a gindin katanga yake kwana. Lakar da ke tsakanin duwatsu ta jiƙe ta zube, danshi ya hau bango, farin gishiri ya fito.

A nan ne mai gida ke yin kuskuren da ya fi kowane tsada, kuma da kyakkyawar niyya: ya sayo siminti ya shafe wurin. Ido ya ga kyau, amma siminti ba ya barin danshi ya fita. Laka na ci gaba da ruɓewa a bayansa. Duk mai shakka ya ƙwanƙwasa irin wannan shafe, zai ji yana amsawa kamar ganga. Ranar da ɓawon ya ɓalle, da rabin kaurin bangon yake tafiya.

Gyaran gaskiya da rani ake yin sa, kuma da ruwa ake farawa: a yashe kwata, a karkatar da ita daga jikin gida. A ɓamɓare simintin, a bar bango ya sha iska ya bushe. A tokare katanga, a tona harsashin kaɗan-kaɗan, a gama da wani gefe kafin a taɓa wani; tone shi gaba ɗaya kiran mutuwa ne. A mayar da duwatsun da suka goce, a cike da irin lakar da aka yi ginin da ita, a yi dakali mai gangara zuwa waje.

Magidanci ba zai iya sauke titi ba. Wannan nauyin Hukumar Raya Birane ta Jihar Kebbi ne da ƙananan hukumomin biyu: kada a ƙara yin ciko ko kwalta a tsohon gari ba tare da an auna inda ruwan zai bi ba. Masarautun Gwandu da Argungu kuwa suna da masu unguwanni da suka san kowane gida, da tsofaffin magina da ke ƙarewa ba su bar magada ba. A haɗa su da ɗaliban gini na Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, su zaga gida-gida daga Nuwamba, su fara da ɗakunan da yara ke kwana.