Tozo Da Kakiɗe: Mu Tausaya Wa Zukatan Iyayenmu



A gidajenmu, idan aka zuba wa maigida tuwo, shi ake fara kwarara wa man shanu. Ranar Babbar Sallah shi ake ajiye wa tozo, sannan a tara kakiɗe a kwano a yi ta miya da shi har wata guda. Duk cikin ƙauna ake yi. Ni dai ra'ayina, wannan ƙaunar tana bukatar gyara, kuma ba haka kawai na faɗa ba. A bara kawuna, wanda bai kai shekara hamsin ba, ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. Har yau hannunsa na dama ba ya ɗaguwa. Likita ya ce hawan jini ne da yawan kwalastarol a jini, an daɗe ana tare ba a sani ba. Yaransa biyu sun bar makarantar kuɗi.

Ba kowane mai ne iri ɗaya ba. Akwai mai daskarewa ko da ba a sanyi, irin su kitsen nama, man shanu da kakiɗe. Manja ma kusan rabinsa wannan nau'in ne. Wasu suna zaton yadda yake daskarewa a kwano haka yake daskarewa a jijiya. Ba haka ba ne. Abin da yake yi shi ne ƙara yawan kwalastarol mai cutarwa, wanda likitoci ke kira LDL. Shi kuma sannu a hankali yake taruwa a bangon jijiyoyin jini, shekara da shekaru, ba ciwo ba zazzaɓi, har hanyar ta ƙuntace. Idan ta toshe a zuciya, bugun zuciya ke nan. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutane kusan miliyan 18, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ne, irin tamu. Ta kuma ba da shawarar kada irin wannan kitsen ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana. Ga babban mutum, wajen giram 22 ke nan. Cokali uku na man shanu sun isa su cike wannan adadin. To ina tsiren yamma, wanda ake cewa mai nama ya haɗa da kitse?

Na san me wasu za su ce: kakanninmu sun sha man shanu sun kai casa'in. Gaskiya ne. Amma kakan ya wuni a gona, ya taka zuwa kasuwar ƙauye ya dawo, nama kuwa sai ranar kasuwa ko suna. Baban yanzu daga babur sai kujera, ga lemon kwalba, ga dunƙulen magi uku a miya ɗaya. Kuma mu daina kallon tumbi a matsayin shaidar samu.

Ban ce a haramta wa kowa abin da Allah ya halatta ba. A rage ne, a kuma musanya. Man gyaɗa da na waken suya sun fi sauƙi ga zuciya. A yanke kitsen jikin nama kafin a dafa, a yawaita kifi, wake, zogale da rama. Sai dai wanda ya bar kitse ya koma wa burodi da shayi mai cokali biyar na sukari, bai tsira ba.

Mu ake aika kasuwa, mu ke taya Inna girki, don haka muna da bakin magana, in dai da ladabi. Malamanmu kuma, da girmamawa nake tambaya: yaushe rabonku da awon jini? Ina roƙon hukumar makaranta ta gayyato ma'aikacin lafiya ranar 29 ga Satumba, Ranar Zuciya ta Duniya, ya auna malamai da iyayen da suka samu zuwa. Mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida mun ɗauki nauyin jera kujeru da raba takardun gayyata.